Ƙaramar Fada, Babbar Murya

(Kiɗan kalangu, sannan a sassauta shi)

 Ina gaida mutanen Magarya da na cikin garin Wurno, da na Rabah da Gandi, da na Goronyo har bakin dam. Waɗanda ke fadama yanzu suna ban ruwan albasa da tafarnuwa, rediyo na rataye a reshen itace, sannunku da aiki, Allah ya sa albarka.

Yau zancen murya za mu yi, da yadda ake renonta har ta zama abin da mutum zai ci abinci da shi shekara 40.

Ina yaro, wata kaka bayan an gama ɗaurin gero, aka kafa dambe a bayan garinmu, kawuna ya ɗora ni a wuya don in hango fili. Makaɗa sun zo su biyar. Jagoransu dogo ne mai zaƙin murya, shi ake kallo, shi ake yi wa kari. Amma ni kunnena ya maƙale ga wani gajeren mutum da ke tsaye a bayansa. In jagora ya jefa waƙa sama, wannan mutumin ne ke tarbe ta da wata murya mai kauri, ya dire ta ƙasa, sauran 'yan amshi su hau kanta. Ba ya ɗaga wuya, ba ya yamutsa fuska, amma har bakin kasuwa ana jin sa. A hanyar gida na tambayi kawu ko wane ne. Ya ce, "Ɗana, wancan shi ne turken waƙar. In ya kwanta ciwo, maigidansa ba ya fita kiɗa." Tun daga la'asar har magariba ba wanda ya ambaci sunansa a filin nan.

Na girma na tarar ashe a wata duniya mai nisa irin wannan murya suna gare ta, da makaranta, da albashi. Bari in ɗan kai ku can, sannan mu dawo gida, don a gida maganar take.

Turawa suna da wani wasan kwaikwayo da suke kira ofera. A mafi yawansa ba a magana, sai waƙa. Sarki da waƙa zai yi fushi, uwa da waƙa za ta yi kuka, wanda aka soka wa takobi ma da waƙa zai yi wasiyya. A ƙasar Italiya aka fare shi wajen shekarar 1600, kuma a fada aka haife shi, kamar kotso da taushi. Wata tsohuwar ofera da Monteverdi ya tsara, wadda har gobe ake yi, a fadar mai sarautar Mantuwa aka fara nuna ta a 1607. Sai a 1637 aka buɗe gida na farko a birnin Venice inda talaka zai biya kuɗin ƙofa ya shiga. A nan Nijeriya ma Yarbawa sun yi irin tasu. Duro Ladipo na Oshogbo ya kai wasansa na Oba Koso har birnin Berlin a 1964, da ganguna da 'yan amshinsa.

Masu wannan sana'a sun kasa muryar maza kashi uku. Akwai siririya mai tashi sama, suna ce mata tena, ita ake ba saurayi mai neman aure da jarumin labari, ita ce kuma ta fi samun tafi. Akwai ta can ƙasa mai rugugi kamar tambari, ita ce bas, ta tsofaffi da malaman addini. Tsakaninsu akwai bariton. Kalmar daga harshen Girka ta fito, ma'anarta mai nauyin amo. Yawancin maza a nan muryarsu take, saboda haka masu neman gurbi ɗaya sun yi yawa, kuma sai wanda ya gyara tasa ƙwarai ake waiwaya. Mai wannan murya shi ke fitowa a uba, ko amini, ko bafade, ko maƙiyin da ke ƙulla makirci. Giuseppe Verdi, babban mai tsara ofera na Italiya, ya so ta ainun. A 1851 ya fito da wasan Rigoletto, labarin wawan sarki mai ƙusumbi wanda ke ba fada dariya da rana, da dare ya koma gida yana fargaba a kan 'yarsa tilo. Bariton ya ba wannan nauyi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da fada ya san ba a Italiya kaɗai ake samun mutumin da zai faranta wa ubangida rai alhali cikinsa na ƙuna ba.

To, yaya mutum ke zama gwani a can? Manyan gidajen ofera sanannu ne, irin La Scala ta birnin Milan da Metropolitan ta New York. Amma da wuya ka ga wanda ya fara daga nan. A Jamus kaɗai akwai gidajen ofera wajen 80, da yawansu a garuruwan da ba su kai rabin Sakkwato ba, gwamnatin gari ko ta jiha ke riƙe da su. Matashi zai samu kwantiragin shekara ɗaya ko biyu a irin wannan gida, albashi kaɗan. Da safe gwaji, da dare wasa. Yau shi ne bafade da Italiyanci, jibi shi ne uba da Jamusanci, mako mai zuwa soja da Faransanci, duk da ka, ba takarda a hannu. Ga makaɗa 60 ko fiye a gabansa suna busa suna gogawa, shi kuwa ba lasifika, dole muryarsa ta ƙetare su ta kai ga na kujerar ƙarshe. Tito Gobbi, wanda Italiya ke alfahari da shi, a wani ƙaramin gari mai suna Gubbio ya fara fitowa a 1935. Sherrill Milnes na Amurka, wanda aka haifa a 1935, a gonar shanun madara ya tashi a jihar Illinois. Daga 1960 ya bi wata ƙungiyar yawo ta Boris Goldovsky, gari zuwa gari a mota, ya yi wasa fiye da 300 a ƙananan dandali kafin Metropolitan ta buɗe masa ƙofa a ƙarshen 1965.

Waɗannan su ne suka fita. Mafi yawa ba sa fita. Mutum zai shekara 30 a gida ɗaya, a gari ɗaya, mai sayar da burodi ya san shi, yara su girma da muryarsa a kunne, ya tsufa ya koma koya wa na baya. Jaridun duniya ba su taɓa buga hotonsa ba, amma in ba irinsa, gidan rufewa zai yi. Shi ne ya tuna mini gajeren mutumin nan na filin dambe.

(Kiɗan kotso na ɗan lokaci)

Mu dawo gida. Ku lissafa manyan makaɗan ƙasar nan da ake nazari a jami'o'i, ku dubi inda aka gina su.

Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali ne. Ubangidansa Sarkin Gobir na Isa Amadu, hakimi ne a ƙarƙashin Sarkin Musulmi. Isa kuwa ko a wancan zamani ba ta cikin manyan birane. Narambaɗa yakan fita yawon kiɗa, ya gaida sarakuna nan da can, amma Isa ce gida, a nan ya zuba mafi yawan hikimarsa, a nan ya yi Bakandamiyarsa. Ya rasu tun rikoda ba ta yawaita ba, ɗan abin da aka ɗauka ne ya rage mana. Duk da haka Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya cika littafi guda a kansa a 2009, ɗalibai kuma har yau ba su gama tonon maganganunsa ba. A ganina zama wuri ɗaya na cikin abin da ya kaifafa shi. Wanda ke waƙa gaban mutanen da suka ji shi jiya da shekaranjiya ba shi da damar maimaita tsohon zance. Fadawan sun san kowane ɗan waƙa, in ya kawo sanyi za su gane tun kafin ya rufe baki.

Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a ƙasar Bakura wajen 1909, cikin ƙungiyar mahaifinsa ya buɗe ido, ya daɗe kuma yana bayan wansa Abdu Kurna a Maradun. Daga nan sai Tsafe, wurin 'Yandoto mai sarautar garin. Lokacin da muryarsa ta game Arewa da waƙoƙin Sardauna, ya kai shekara 50 ko yana gab da ita. Ku duba tsawon jiran. Shi kansa Sardauna Ahmadu Bello ai ɗan Rabah ne, kuma hakimcin Rabah aka fara ba shi a 1934, shekara 20 kafin ya zama Firimiya. Da ubangida da makaɗi, kowa ƙaramar fada ce ta yaye shi. Ɗanƙwairo ya rayu har 1991.

Salihu Jankiɗi ɗan Rawayya ne, ya zaga fadoji kafin ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. Aliyu Ɗandawo daga ƙasar Shuni ya fito, ya yi Argungu, ya ƙare a Yawuri. Sa'idu Faru, Malamin Waƙa, a Talatar Mafara ya tare wurin Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu. Macciɗo ya zama Sarkin Musulmi a 1996, amma Allah bai nuna wa makaɗinsa wannan rana ba.

Sai namu na nan kusa, Muhammadu Bawa Ɗan Anace, ɗan ƙasar Gandi. Shi fadarsa fili ce. Kalangu ne kayan aikinsa, 'yan dambe da manoma su ne iyayen gidansa. Duk wanda ya ji sunan Shago da Ɗandunawa a yau, ta bakin Ɗan Anace ya ji su, don damben ya wuce, ƙurar ta kwanta, waƙar ce ta saura. Ina roƙon matasa masu saurare, in kun samu waƙarsa a waya, ku ajiye zancen dambe gefe na minti biyar ku bi muryar kawai. Murya ce mai kauri, da ɗan kaushi a bakinta kamar igiyar rama, ba ta gudu, ba ta haƙilo. Da a Italiya aka haife shi, cikin masu muryar tsakiya za su jera shi. Ku kuma tuna inda yake aiki. Mai ofera yana da gini da aka tsara don ya dawo masa da amo, masu kallonsa sun yi tsit. Ɗan Anace ba bango, ba rufi, ga iska, ga ihun 'yan kallo, ga kalangai na kuka a kunnensa, ga ɗan dambe can tsakiyar fili wanda dole kirarinsa ya shige shi har tsikar jikinsa ta tashi. Haka zai yi tun la'asar, gobe a wani gari, har kaka ta ƙare. Wanda bai san yadda ake tattalin numfashi ba, mako guda ba zai kai ba.

Irin wannan ƙwarewa ba ta faɗowa daga sama. Yaro a gidan kiɗa da ɗaukar kaya yake farawa. Ya yi wa doki ciyawa, ya shanya fata, ya koyi ɗaurin tsarkiya, ya koyi shafa nake a fuskar kotso har amon ya zauna. Sannan a miƙa masa kuntukuru ya riƙa bi a baya. Sai an ga hannunsa ya faɗa kafin a bar shi ya buɗe baki cikin 'yan amshi. Amshin ma hawa-hawa ne. Akwai maimaita gindin waƙa, wannan kowa na iyawa. Akwai karɓi, inda jagora zai fara magana ya sake ta a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa. Akwai ƙari, inda za su ɗora abin da bai faɗa ba. Ku saurari ƙungiyar Ɗanƙwairo da kyau, za ku ji sau da yawa rabin ɗan waƙa a bakin yaransa yake. Wannan ba ya yiwuwa sai an kwana ana bita a zaure, an san inda maigida ke shan numfashi, an san abin da ɗaga girarsa ke nufi. Ga kuma sanƙira a gefe yana fassara yabo, yana sanar da kyauta. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi shekaru yana rubuta waɗannan ƙa'idoji da tarihin masu su, Allah ya saka masa.

Akwai wurin da namu suka fi ɗaukar nauyi. Mai ofera abin da wani ya rubuta yake rerawa, wata waƙar ta shekara 150 a takarda. Makaɗin Hausa shi ne mai tsarawa, shi ne mai rerawa. Dole ya san salsalar ubangidansa kaka da kakanni, ya san wanda ke neman sarautar a ɓoye don ya san inda zai saka habaici, ya san iyakar da zambo zai tsaya kada ya jawo wa kansa kora. In baƙo ya shigo fada ana cikin kiɗa, nan take zai saƙa sunansa cikin waƙa ba tare da kiɗan ya karye ba. Akwai kuma wurin da nasu suka fi mu gata. Mawaƙin ƙaramin gidan ofera a Jamus yana da albashi, da asibiti, da fansho. Namu doki ne, da riga, da damman gero, wani lokaci gona ko kujerar Makka, kuma duk suna rataye ga ran mutum ɗaya. Ranar da ubangida ya rasu ko aka tuɓe shi, makaɗi ya zama maraya da furfurarsa. Ɗan amshi kuwa, wanda kasonsa dama ƙarami ne, shi ya fi shiga uku.

Na san akwai mai saurare, wataƙila a Wurno, da zai ce, Malam, a garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke kwance tun 1837 kake yabon makaɗa? Tambaya ce mai kyau, ban raina ta ba. Shugabannin jihadi sun yi magana mai zafi a kan kiɗan banza da roƙo na ƙarya, hukuncin wannan kuwa na malamai ne, ku tambaye su. Abin da zan ce kawai, su ma sun san ƙarfin murya. Nana Asma'u ta tsara waƙoƙi na karantarwa, jajoji suka haddace su suka kai wa mata ƙauye-ƙauye, da baki, da rauji mai daɗi. Ladan da murya yake aiki. Alaramma mai jan baƙi a tafsirin azumi da murya yake aiki, haka malamin firamare mai yara 80 a aji, da mai shela, da yarinya mai tallar fura. Saboda haka abin da zan faɗa yanzu na kowa ne.

A cikin maƙogwaro, bayan wannan ƙashin da ke motsi in namiji ya haɗiyi yawu, akwai wasu 'yan tsoka biyu kwance gefe da gefe. A babban mutum tsawonsu bai wuce santimita 2 da 'yan kai ba. Iskar da ta taso daga huhu ita ke kaɗa su, su riƙa buɗewa suna rufewa. In namiji na magana sukan kaɗa sau 100 da wani abu a daƙiƙa guda, na mace wajen sau 200. Gwargwadon tsawonsu da kaurinsu, gwargwadon nauyin murya, kamar dai yadda babban kalangu ya fi ƙarami zurfin amo. Shi ya sa muryar yaro ke fashewa in ya balaga, maƙogwaron ne ya girma. Wannan kaso Allah ne ke yi, ba mai canza shi. Wanda aka ba murya mai kauri ya dage sai ya yi siririya don ita ake yayi, tsokar yake ci wa amana. Masu koyar da ofera sun daɗe da gane haka, sukan ce wa ɗalibi ya tsaya a gurbinsa, kuma bariton ba ya nuna sosai sai ya ba shekara 30 baya.

Ƙarfin murya kuwa daga ciki yake zuwa. Gwani yana cika huhu har haƙarƙarinsa ya buɗe, ya riƙa sakin iskar kaɗan-kaɗan, wuya a sake. Sannan ya gyara baki da maƙoshi yadda amon zai yi kaifi. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Johan Sundberg, ya auna muryoyin mawaƙan ofera maza ya gano suna tara ƙarfi a wani matakin amo da kayan kiɗa ba su cika yi ba, ta wannan ƙofa muryar ke bi ta fita. Da na karanta wannan sai na ce, ashe abin da gajeren mutumin nan ke yi ke nan har ake jin sa a bakin kasuwa. Shi a bayan maigidansa ya koya, da kunne.

Abokan gabar murya kuwa duk mun san su. Ƙurar hunturu da bushewar maƙoshi, maganinsu shan ruwa a kai a kai da rufe hanci da baki in hazo ya sauko. Hayaƙin taba da na shisha. Ƙwannafi mai tasowa da dare bayan an ci abu mai yaji da maiƙo an kwanta, yana ƙona tsokar nan ba a sani ba. Yawan kakarin gyaran murya. Sai ƙwayoyin da wasu samari ke haɗiya don su kwana suna waƙa a gidan biki. Gajiya da zafin maƙoshi gargaɗi ne jiki ke yi, in ka kashe gargaɗin da ƙwaya, ɓarnar na nan tana ci. In murya ta dishe, hutu take so, raɗa ma wahalar da ita take yi. In kuwa dishewar ta wuce mako 3, musamman ga mai shan taba, a daina jiƙe-jiƙe haka nan a je wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Milnes ɗin nan da na ambata, yana tsakiyar tashensa a farkon shekarun 1980 jijiyar jini ta fashe masa a tsokar murya, sai da aka yi masa aiki. Shi yana da likitoci a kusa. Makaɗan ƙauye nawa ne muryarsu ta tafi a haka aka ce sammu ne?

(Kiɗan taushi, a hankali)

Abin da ke damuna shi ne wuraren renon nan suna ƙarewa. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ƙarfin hakimai ya ragu, aljihunsu ya ragu, riƙon ƙungiyar makaɗa ta mutum 10 da iyalansu ya fi ƙarfin mafi yawansu. Gayyar noma da ake kiran makaɗi ya tsaya bayan manoma ta ja baya. Biki kuwa an samu na'ura, mutum ɗaya da lasifika biyu ya maye gurbin ƙungiya. Sannan ga babbar masifa, rashin tsaron da ya addabi gabashin Sakkwato, Rabah da Goronyo da Isa da Sabon Birni. Garin da ake kwana da ido ɗaya ba a kafa dambe a bayansa, ba a doka kalangu da dare. Wasu garuruwan ma mutanensu na gudun hijira. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan abu, ya jiƙan waɗanda muka rasa.

Ba na cikin masu zagin waƙar situdiyo. Yaranmu da ke zuwa Sakkwato da Kano suna shiga ɗakin ɗaukar waƙa, akwai masu basira ƙwarai a cikinsu, kuma suna ciyar da iyayensu. Sai dai kwamfuta na gyara murya, ta miƙe wadda ta karkace, ta siranta mai kauri, har ka ji waƙa 10 ka ɗauka mutum ɗaya ne. Amshin ma sau da yawa mawaƙin ne ke yi wa kansa, a ɗora murya kan murya. Yaro zai yi suna cikin wata 6 bai taɓa tsayawa bayan kowa ba. Ranar da wuta ta ɗauke a wurin taro aka ce ya ci gaba da baki, a nan ake gane abin da aka tsallake. Ɗana, in kana ji na kuma waƙa kake so, nemi tsohon makaɗin da ya rage a garinku, ka durƙusa ka gaishe shi, ka roƙi ya bar ka ka yi masa amshi ko na damina ɗaya ne. Situdiyo ba za ta gudu ba.

Iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku, ko ba a iya riƙon ƙungiya kamar da, ranar sallah da ranar naɗi a kira makaɗan gida a ba su fili kafin a kunna na'ura. In za a yi kyauta kuma, a tambayi sunayen na baya, sanƙira ya faɗe su da ƙarfi jama'a su ji. Shugabannin makarantu, tsohon makaɗi zai iya shiga ajin Hausa ya yi wa yara awa guda a kan karɓi da ƙari, abin da littafi ba zai ba su ba.

Sai maganar kaset. Tun da aka buɗe Rediyon Kaduna a 1962 aka ɗauki makaɗa da yawa, amma waɗanda suka kai Kaduna ke nan. Na ƙauye, waɗanda ba su wuce kasuwar Goronyo da ta Wurno ba, muryarsu tana cikin kaset ɗin da wani ya ɗauka da rikodarsa a gidan suna ko a filin kokawa, yanzu yana ƙasan adaka ko cikin kwalla a ɗakin tsohuwa. Zaren kaset ba ya son zafi, ba ya son laima, kowace bazara cin sa take yi. Don Allah in kuna da irinsa kada ku ba yara su warware. Kada kuma ku saka shi a tsohuwar rikoda mai cin zare. Ku nemi mai gyaran rediyo da ya iya juyawa zuwa waya, ko ku kai wa malaman Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Kafin ku kai, ku zaunar da dattijon gidan ya saurara, ku riƙe biro. Ya faɗa muku garin da aka yi kiɗan, da shekarar in ya tuna, ko da ta lissafin sarauta ce ko ta yunwa ko ta ambaliya. Ya faɗi sunan jagora. Sannan ku mayar da zaren baya ku ce, "Baba, wannan mai kaurin murya da ke karɓa fa, wane ne?" Ku rubuta abin da ya ce a jikin kwalin.

Lokacinmu ya cika. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu shiga cikin gida mu ji na mata, masu kiɗan ƙwarya da masu waƙar daka da niƙa.  Mutanen fadama, a yi ban ruwa lafiya. Assalamu alaikum.

(Kiɗan kalangu har ƙarshe)